Kacici-kacici a Makarantun Renon Yara: A Shigo da Wasan Tare da Dokarsa

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga biranen ƙasar Hausa a yau zai ga yadda makarantun renon yara suka yawaita, har ya zamana da wuya a sami unguwar da babu ɗaya ko biyu. Yaro ɗan shekara uku, wanda a da yake bayan kakarsa ko gindin yayarsa, yanzu da sassafe ake sa masa kayan makaranta a miƙa shi ga malama. Daga cikin abubuwan da malaman waɗannan makarantu suke amfani da su don raya aji akwai tambayoyin gwada basira, waɗanda galibi akan tsinto daga littattafan Turanci ko daga wayar hannu, a jefa wa yara ba tare da an tace ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kacici-kacici na gargajiya ya cancanci a ba shi gurbi a ajin reno da rabin aji, amma bisa sharaɗin a shigo da shi tare da dokokin da Bahaushe ya gindaya masa. Haka kuma za a nuna cewa tambayar tarko, watau wadda ake shiryawa da gangan domin mai amsa ya faɗa rami, ba abincin ɗan shekara huɗu ba ce, kuma illarta a wannan mataki ta fi amfaninta.

Kacici-kacici da Dokokinsa

Kacici-kacici wata gajeriyar magana ce da ake siffanta wani abu sananne a cikinta ta hanyar sakaya, a nemi mai sauraro ya gano ko mene ne. Tsohon reshe ne na adabin baka, kuma tun farkon ƙarni na 20 aka fara rubuta shi. Alal misali, G. Merrick ya kawo wasu a littafinsa na karin maganar Hausa a 1905, haka shi ma A. J. N. Tremearne a 1913. A gida kuwa, muhallinsa shi ne dare, bayan an ci tuwo, a ɗakin tsohuwa ko a dandali, kuma sau da yawa da shi ake share fagen tatsuniya. Wani ya ce, "Ƙulun ƙulufita," sauran su amsa, "Gauta," daga nan wasa ya kankama.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, wannan wasa yana da tsari. Da farko dai kowa ya san wasa ake yi, domin an buɗe shi da kalmomin da suka sanar da haka. Na biyu, tambaya zagayawa take yi, wanda ya amsa yanzu shi zai tambaya an jima, babu wanda aka naɗa mai tambaya na dindindin. Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne ba da gari. Idan an yi ta cinka an kasa, sai wanda aka tambaya ya ce, "Na ba ka gari." Mai tambaya ya ce, "Wane gari?" A ce an ba shi Katsina, ko Zariya, ko Damagaram. In garin bai yi masa ba yana iya ƙi, sai an ba shi wanda ya gamsu da shi, sa'an nan ya karɓa ya faɗi amsa, kowa ya yi dariya a wuce gaba.

Hikimar da ke cikin wannan doka ba ƙarama ba ce. Bahaushe ya buɗe wa wanda bai sani ba ƙofar fita cikin mutunci. Yaron da ya kasa amsa ba a yi masa ihu ba, ba a kira shi daƙiƙi ba. A maimakon haka an mai da shi mai kyauta, wanda yake da garuruwa a hannunsa yana rabawa, kuma ya sayi amsar da kuɗin da ba ya ƙarewa. Gobe kuwa shi ne zai ɗauki wannan kacici-kacici ya kai wa ƙaninsa, shi ma ya ci gari. Daɗin daɗawa, ta wannan hanya yaro yake fara jin sunayen Daura da Sakkwato da Maraɗi tun bai san inda suke ba.

Abin da Yaro Yake Samu

Idan aka dubi kacici-kacicin da suka fi yawo a bakin yara, za a ga kusan dukkansu a kan abin da ido yake gani ne a tsakar gida. "Uku-uku ta gama gari," amsa murhu. Yaron da ya ji wannan zai koma ya ƙirga duwatsun murhun gidansu, ya leƙa na maƙwabta ya ga ko su ma uku ne. Ya koyi ƙirga, ya kuma koyi cewa abu ɗaya yana iya maimaituwa a kowane gida. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," amsa tsintsiya. A nan an haɗa masa yawa da kaɗaici a jimla guda, an kuma kwatanta masa tsinke da saniya, igiya da maɗauri. "Baba na ɗaka, gemu na waje," amsa wuta da hayaƙi. Wannan ya koya masa ciki da waje, ya kuma nuna masa cewa ana iya sanin abin da ke ɓoye ta hanyar alamarsa. "Iya ta zaga, baba ya zaga, ba su haɗu ba," amsa kunnuwa, sai ka ga yara sun kai hannu suna shafa nasu don su tabbatar.

Waɗannan abubuwa, watau ƙirga da kwatance da rarrabewa da lura, su ne ainihin abin da aka kafa makarantar reno domin ta dasa. Bambancin kawai shi ne, kacici-kacici yana dasa su ba tare da allo ko bulala ba. Bugu da ƙari, jimlolinsa gajeru ne, masu daɗin faɗa, kuma suna da karin sauti da yake sa su zauna a ka. Yaron da bakinsa bai gama buɗewa ba yana iya riƙe "ɗakin saurayi ba ƙofa," ya kuma yi murna ranar da aka ɗora masa ƙwai a tafin hannu ya juya shi ya ga lalle babu ƙofar.

Muhimmin abu a nan shi ne, kacici-kacici ba ya yi wa yaro ƙarya. Duk abin da aka faɗa a cikinsa gaskiya ne game da abin da ake nufi, an dai lulluɓe shi ne da mayafi. In an yaye mayafin, yaro zai ga kowace kalma ta zauna daram a wurinta, kuma wannan gani shi ne ladansa.

Tambayar Tarko

Tambayar tarko kuwa wani abu ne dabam, ko da yake mutane da yawa suna haɗa su a ƙwarya ɗaya. A ɗauki misalin da ya shahara: tsuntsaye goma suna kan bishiya, maharbi ya harbe ɗaya, saura nawa? Amsar da ake so ita ce babu ko ɗaya, domin ƙarar bindiga ta kore sauran. Ga babba, ko yaron da ya kai aji uku na firamare, wannan abin nishaɗi ne. To amma a ɗauka malama ta shafe mako tana koya wa 'yan shekara biyar ɗebewa da tsakuwa, sa'an nan ta kawo wannan tambaya. Yarinyar da ta fi kowa mai da hankali ita za ta fara ɗaga hannu ta ce tara. Sai a ce ta faɗi, aji ya tuntsire da dariya. Me ta koya? Ta koyi cewa bin abin da malama ta koyar yana iya jawo mata kunya, kuma wanda ya yi shiru shi ya tsira. Haka abin yake ga tambayar zakaran da ya yi ƙwai a kan katanga, da ta kilo ɗaya na auduga da kilo ɗaya na ƙarfe.

Masu nazarin halayyar yara sun daɗe da bayyana dalilin da ya sa abin yake haka. Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan wanda ya rasu a 1980, ya nuna cewa yaro tsakanin shekara biyu zuwa bakwai yakan riƙe fuska ɗaya ta al'amari a lokaci guda. In aka juye ruwa daga gajeren kofi mai faɗi zuwa dogo siriri a gabansa, sai ya ce ruwan ya ƙaru, domin tsawo ya gani, faɗi ya kuɓuce masa. Ko da yake masanan da suka biyo baya sun nuna cewa yara sun fi yadda Piaget ya zata iyawa idan aka gyara yadda ake tambayarsu, wannan gyara ma hujja ce a kan tambayar tarko, tun da ita an gina ta ne a kan karkatar da tambaya. Haka kuma Paul McGhee, wanda ya yi nazarin yadda raha take girma tare da yaro, ya bayyana a 1979 cewa sai wajen shekara bakwai yaro yake fara jin daɗin wasan da ya dogara ga kalma mai ma'ana biyu. Saboda haka tambayar da aka ɗora a kan "kuka" na ido da "kuka" ta miya, ko "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, ko "gari" na mutane da "gari" na tuwo, tana da lokacinta, amma lokacin bai yi ba a ajin reno.

Akwai kuma wani bincike da ya fi waɗannan taɓa zuciya. A 1980 wasu masana biyu a Birtaniya, Martin Hughes da Robert Grieve, suka yi wa yara 'yan shekara biyar da bakwai tambayoyin da ba su da kai ba su da gindi, kamar a ce, madara ta fi ruwa girma? Ko kuwa, launin ja ya fi rawaya nauyi? Kusan dukkan yaran sai da suka ba da amsa, wasu har da kawo dalili. A wajen wannan lokaci kuma, a birnin Grenoble na Faransa, aka tambayi 'yan firamare cewa: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Mafi yawansu suka haɗa lambobin suka ce 36. Waɗannan yara ba wawaye ba ne. Abin da ya faru shi ne sun amince cewa babba ba zai yi tambayar banza ba, don haka suka ƙoƙarta su faranta masa.

To, idan haka lamarin yake a ƙasashen da yaro yake iya musu da babba, ina ga ƙasar Hausa, inda tarbiyya ta hori yaro da ya sunkuyar da kai gaban na gaba da shi? Ɗan Bahaushe yana zuwa makaranta da amana cikakkiya ga malaminsa. Tambayar tarko da wannan amana take wasa. Wanda ya haƙa wa yaro rami a kan hanyar da shi da kansa ya nuna masa, kada ya yi mamaki in gobe yaron ya ƙi taka ƙafa.

Hujjojin Masu Saɓani

Masu ganin akasin wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Wasu suna cewa duniya cike take da masu yaudara, gara yaro ya saba tun da wuri da sanin cewa ba kowace tambaya ake amsawa yadda ta zo ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma sakamakon Grenoble ma yana goyon bayanta, domin ya nuna haɗarin tarbiyyar da ba ta koya wa yaro cewa "wannan tambaya ba ta da amsa" ba. Sai dai kowane iri da lokacin shukarsa. Yaron da ya fara samun ƙarfin zuciyar yin magana a aji, ya saba da cinka ba tare da tsoro ba, shi ne zai iya tsayawa daga baya ya tuhumi tambaya. Shi kansa Bahaushe yana da nasa wasannin wasa ƙwaƙwalwa, irin na mutumin da zai haye kogi da kura da akuya da harawa a kwalekwalen da ba ya ɗaukar fiye da abu ɗaya tare da shi, amma ba 'yan yaye ake yi wa su ba, sai waɗanda suka tasa.

Wasu kuma suna cewa kacici-kacicin gargajiya ya tsufa, domin yaron birni a yau bai san murhun duwatsu ba, da risho ko gas ake girki a gidansu. Wannan ma gaskiya ne a wasu gidaje, amma amsarsa mai sauƙi ce. Duwatsu uku ba su da tsada, malama tana iya jera su a tsakiyar aji, ta ɗora tukunya. Sa'an nan kuma kacici-kacici ba rufaffen littafi ba ne, kowane zamani yana haifar nasa. Babu abin da zai hana malama ta ƙaga wa fanka cewa, "Tana ta juyi, ba ta bar inda take ba," ko ta ce wa alli, "Kullum yana aiki, kullum yana ramewa." In wani yaro ya ce sabulu, kada a ce ya faɗi. A tambaye shi dalili, in ya kawo, a yaba masa, domin amsarsa ta hau, kuma ya gano abin da malama ba ta hango ba.

Hujja ta uku ita ce ta harshe, kuma ita ce mafi nauyi. Iyaye da yawa suna biyan kuɗin makarantar reno ne domin 'ya'yansu su ji Turanci, har akwai makarantun da suke hana yara magana da Hausa a harabarsu. Manufar ilmi ta ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 ta tanadi cewa a koyar da yara a wannan mataki da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suke yi, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. A 2022 aka faɗaɗa tsarin zuwa shekaru shida na firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke shi, aka mai da Turanci harshen koyarwa. Ko ma wane harshe aka zaɓa don darasi, babu dokar da ta hana a ware minti goma na wasa da harshen da yaro yake mafarki da shi. Kacici-kacicin Turanci galibi ya dogara ne ga sautin kalmomin Turanci, wanda yaron da bai mallaki harshen ba sai dai ya haddace tambaya da amsa kamar aku. Wanda aka yi masa da Hausa kuwa tunani yake yi, kuma tunanin da aka wasa da harshe ɗaya ba ya dakushewa in an koma wani.

Akwai ma masu tuna camfin da ya hana tatsuniya da rana. Wannan dabara ce ta manya don kada hira ta hana aiki, tun da rana lokacin gona da aike ce. Ɗan makarantar reno kuwa wasa shi ne aikinsa.

Yadda Ya Kamata a Yi

Abu na farko, a zauna a da'ira a kan tabarma, a buɗe da kalmomin gargajiya domin kowane yaro ya san an fita daga darasi an shiga wasa. Na biyu, a tsara kacici-kacicin bisa shekaru. 'Yan uku da huɗu a fara musu da abin da ke gabansu: a ajiye tsintsiya da ƙwai da ludayi, a faɗi kacici-kacicin, su nuna da hannu. 'Yan biyar da shida a ɗauke kayan, su nemo amsa da ka. Irin su "tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro, fyaɗe babba," wadda amsarta yunwa ce, abin da ba a gani ba a taɓawa, a bar su sai an ƙara girma.

Na uku, a tabbatar da dokar ba da gari, kuma ita ma malama ta shiga ƙarƙashinta. Ɗan shekara huɗu yakan ƙaga kacici-kacicin da ba shi da ma'ana ko kaɗan, ya faɗi amsar da shi kaɗai ya san dangantakarta da tambayar, ya yi ta ƙyalƙyala dariya. Kada a gyara masa. Ya riga ya kama ƙirar wasan, ma'ana za ta biyo baya. Malama ta yi cinka ta kasa, ta ba shi Kano. Yaron da ya ga malamarsa ta ce ba ta sani ba, kuma ba ta ji kunya ba, ya sami darasin da zai amfane shi har jami'a.

Na huɗu, kada a sa kacici-kacici a jarrabawa, kada a ba shi maki, kada kuma a yi amfani da shi wajen tantance yaran da za a ɗauka makaranta. Haka nan a tace waɗanda suka ƙunshi batsa ko zolayar wata ƙabila ko mai wata naƙasa, domin akwai su a cikin na gargajiya, kuma ba duk abin da aka gada ne ya dace da aji ba.

Kammalawa

Nauyin wannan aiki bai tsaya kan malaman reno kaɗai ba. Yawancinsu ba su sami horo a adabin baka ba, kuma ba su da wani ɗan littafi da aka tsara musu bisa shekarun yara. A nan ne ɗaliban sassan Hausa na jami'o'i da Kwalejojin Ilmi suke da rawar takawa. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya nuna hanya tun farkon shekarun 1970, sa'ad da ya tattara tatsuniyoyi da wasanni ya shirya su domin 'yan makaranta. Kowane ɗalibi yana da kaka ko gwaggo da zai zauna da ita a lokacin hutu, ya rubuta abin da ke bakinta, ya lura da yadda kacici-kacici ɗaya yake sauya kama daga Kano zuwa Sakkwato, sa'an nan a taru a rarrabe na 'yan uku da na 'yan shida, a miƙa wa makarantun da ke kusa. Tsofaffin da suke riƙe da wannan taska suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu kuwa suna wuni a aji, da dare kuma allon waya ya karɓe su. In ba a kai wasan inda yaran suke ba, to, ba da daɗewa ba za a ce "Ƙulun ƙulufita" a tsakar gida a rasa mai amsawa.